Furosesar da ta dace da wasanni da ayyuka da yawa a lokaci guda

Malam, ka tambayi wace furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, za ka saya wa kwamfutar tebur domin buga wasanni tare da buɗe wasu manhajoji a lokaci guda. Shawarata ita ce ka nemi mai cibiyoyin aiki takwas (wato "cores", sassan furosesa da ke raba aiki a tsakaninsu), kuma idan wasanni ne suka fi rinjaye a aikinka, Ryzen 7 7800X3D ta AMD ce zaɓina, domin ma'ajiyarta ta kusa (wato "cache", wurin ajiyar bayanai mai sauri a cikin furosesar) mai megabayit 96 tana sa wasa ya gudana ba tare da tsinkewa ba. Idan kuma kana yawan tace bidiyo ko watsa wasanka kai tsaye, Intel Core i5-13600K mai cibiyoyi 14 za ta fi ɗaukar nauyin.

Sharaɗin da nake so ka kula da shi, domin ni kaina na taɓa faɗawa cikinsa, shi ne kada furosesa ta cinye kuɗin katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hotunan da ke fitowa a allo, musamman idan za ka yi wasa a kan allo mai kaifin hoto na 1440p ko 4K, inda katin ne yake ɗaukar mafi yawan aikin. Ka kuma tuna cewa 7800X3D tana buƙatar madabod (babban faifan da ake haɗa sassan kwamfuta a kai) mai soket AM5, wato mazaunin furosesar, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi) na DDR5, don haka ka lissafa su a cikin kasafinka tun kafin ka yanke shawara.