Kai Kayan Agaji Daga Kumasi Zuwa Tarikom

Hajiya, kin ce matan unguwar Aboabo ta Kumasi sun tara kaya don 'yan gudun hijirar Burkina Faso da ke Tarikom a arewacin Ghana, yaya za a kai?

Kada ku ɗauki mota tukuna. Ku fara tuntuɓar Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ghana, ita da UNHCR (hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya) suka san abin da ya yi ƙaranci. Masara, wake, man girki, sabulu da audugar mata sun fi gwanjo amfani. Don Allah ku cire madarar jarirai ta gwangwani: in aka dama ta da gurɓataccen ruwa, gudawa take jawowa, har ta kashe jariri. Magani kuwa a bar wa ma'aikatan lafiya. Hatsin ku saya a Bolga (Bolgatanga, babban birnin yankin da Tarikom yake), kuɗin dako zai ragu.