Tambaya da amsa: tafiyar da rediyon oba-oba da sola da batir a Maraɗi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai sha'awar rediyon oba-oba ne a unguwar Zariya, ina da na'urar HF, wato ta gajeren zango, mai wat 100. Wuta ta kan ɗauke ina tsakiyar magana da mutanen waje. Wane batir da wane faifan sola zan saya?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Kafin ka je kasuwa, fara da lissafi. Irin na'urarka an ƙera ta ne ta yi aiki da volt 13.8. Idan sauraro kake, ba ta cin fiye da amfiya 1 zuwa 2, amma da ka danna makirfo da cikakken ƙarfi sai ta ja 20 zuwa 23. A maganar SSB, wato salon aika murya da aka saba da shi a gajeren zango, ba kullum take kai can ba, don ƙarfin yana bin muryarka ne, saboda haka mu ɗauki 12 a matsakaici. Awa 3 na sauraro da awa 1 na magana za su ci maka kusan Ah 17 (amfiya-awa, ma'aunin cajin batir) a yini, wato wajen Wh 220 (wat-awa).

Batirin gubar mai Ah 100 rabinsa kawai ake taɓawa, in ana so ya yi ƙarko, don haka zai riƙe ka kusan kwana uku ba caji. Kada ka sa batirin mota. An yi shi ne don tayar da inji na ɗan lokaci, in ana zuƙe shi kullum ba ya daɗewa. In aljihu zai ɗauka, ni na fi son litiyom na LiFePO4. Ana iya cin kashi 80 cikin 100 na cajinsa, kuma yana tsayawa a wajen volt 13 har ya kusa ƙarewa. Wannan tsayuwar ita ce abin da rediyo ke so. Yawancin na'urorin nan in wuta ta yi ƙasa da volt 11.7 sai murya ta fara dagulewa, fitilar allo ta riƙa lumshewa duk lokacin da ka yi magana, wani lokaci ma ta mutu ta sake tashi da kanta.

Sau da yawa laifin na waya ne, batirin lafiyarsa lau. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 2.5 mm², in tazarar mita 3 ce, zuwa da dawowa mita 6 ke nan, za ta cinye maka sama da volt 0.8 a amfiya 20. Mai 6 mm² kuwa wajen 0.35 kawai za ta ci. Ka gajarta waya, ka ɗaure bakinta tamau, ka sa fiyus na amfiya 30 daf da kan batir mai alamar tarawa.

Faifai mai wat 150 ya isa. Ka fuskantar da shi kudu, ka karkata shi kamar digiri 15, tunda Maraɗi tana wajen digiri 13.5 arewa da tsakiyar duniya. Ka bar iska tana ratsawa ƙarƙashinsa, kada ka manna shi da kwano, don kowane digiri ɗaya na zafi sama da 25 yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin 100. Lokacin hazo kuma ka riƙa goge shi da sassafe kafin ya ɗau zafi. Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa da na'urar daidaita caji, sannan faifai. Rediyon ka haɗa shi kai tsaye da batir, don ƙofar fitar wuta ta ƙananan na'urorin caji ba ta ɗaukar amfiya 20.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Batirin gubar duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba ransa biyu, ga shi a Afrilu da Mayu muna wuce 40. Ka nema masa ɗaki mafi sanyi a gidan, mai shigar iska, nesa da bangon da rana ke duka.

Tambaya: Alhaji, daga Tibiri nake. Tun da na haɗa sola, da rana sai shuuu nake ji a rediyo a zangon mita 40, da dare kuma tas. Me ya jawo?

Amsa: Na'urar cajinka ce, musamman in MPPT ce, wato irin wadda ke tatso iyakar wutar da faifai zai iya bayarwa. Tana kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, wayoyin faifai kuma su watsa wannan ƙarar kamar eriya. Gwada ka cire faifan da rana tsaka. In ƙarar ta ɗauke, ka kama ɓarawonka. Ka murɗe wayoyin faifan biyu da juna, ka naɗa su sau biyar ko shida a zoben ferit, wato zoben da ke tace irin wannan ƙarar, daf da na'urar, ka nisanta su da eriya da wayarta. In kana da inbata mai ba da volt 220, kashe ta lokacin aiki, rediyonka ba ya bukatarta. Ka kuma gwada rage ƙarfi daga wat 100 zuwa 25: wanda ke jin ka maki ɗaya kacal zai ga ya ragu a ma'aunin S mai nuna ƙarfin sigina, batir kuwa ya huta sosai.

Tambaya: Tunda solata ce, sai na nemi izini?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Izinin na hawa zangon ne, ba ruwansa da inda ka samo wuta. A Nijar hukumar sadarwa ta ARCEP ke kula da wannan, alamar kiran ƙasarmu kuma, wato lambar da ake gane mai rediyo da ita, da 5U take farawa. Sannan da damina, in hadari ya haɗo, ka zare wayar eriya daga rediyo gaba ɗaya ka ajiye bakinta waje, don kashe makunni kaɗai ba ya tare tsawa.