Gidan abincin bakin teku: ta ina zan fara?

Tambaya: Anti, za mu je hutu wani gari na bakin teku, an ce gidajen abincin can cika suke maƙil ga kiɗa ga hayaniya, ya zan yi kar a cuce ni?

Amsa: Ƙanwata, ki je kafin faɗuwar rana, don da magariba ta yi sai kin bi layi kafin ki samu tebur. In kifi za ki ci, ki ce a nuna miki shi ɗanye tukuna, idonsa ya zama garau ba ƙarni mai yawa, kuma ki tambayi kuɗin tun kafin a gasa saboda wasu wuraren da kilo suke awo, nan ake shan mamaki wallahi. Hayaniyar kuwa haƙuri za ki yi, ni ita ce ma ke burge ni.