Amsar maigida ga yaronsa da ya samu aikin tayil na farko

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ƙanena, na saurari muryarka tun azahar, ina kan aiki ne hannuna duk siminti. Ka ce ka samu falo da ɗaki biyu da banɗaki, tayil ɗin fosilin ne santimita 60 da 60, kuɗinka ba zai sayi injin yanka tayil na hannu da giranda a tare ba, wanne za ka fara ɗauka? Kuma mai gidan yana so ka fara jibi, alhali jaman fulo ɗin, wato daɓen kankaren, kwanansa 5 da zubawa. To, Allah ya sa albarka, amma ta biyun nan ita ta fi tayar min da hankali, bari dai in fara da injin.

Ka sayi giranda, ƙaramar nan mai inci 4 da rabi. Dalili, injin hannu layi miƙaƙƙe kawai ya sani. Ɗan ƙarfen bakinsa ya ja layi a kan tayil, ka danna, ya ɓalle gida biyu, shi ke nan. Yana da sauri, ba ƙura, ba ruwansa da wuta, wannan gaskiya ne. Amma ka zo bakin ƙofa inda za ka cire kusurwa, ko gindin bututun masai, me zai yi maka? Giranda kuwa duk za ta yi, sai dai a hankali. Injin hannun ka ara a wurina, nawa yana cin tayil har santimita 80. Idan ka tashi sayen naka, kar ka ɗauki mai 60 cif, don ranar da aka ce ka yanka daga kusurwa zuwa kusurwa, tayil mai 60 ya koma kusan 85. Kuma ja ɗaya ake yi, kar ka riƙa kai da komowa a kan layin, fosilin ba ya son haka.

Faifan yankan ma akwai magana. Idan ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa za su miƙo maka mai tsaga-tsaga a baki, wancan na bulo da kankare ne, zai cinye maka gefen tayil kamar ɓera ya gwaigwaye shi. Ka ce mai santsin baki kake so, siriri, na fosilin. Sannan don Allah ka rufe hanci da ido, ka yi yankan a waje. Farar ƙurar nan idan ta zauna a huhu ba ta fita. Kar kuma ka cire murfin giranda don wai yana tare maka gani.

Yauwa, sai daɓen. Ƙanena, kar ka fara jibi. Ka je ka sami Alhajin mai gidan cikin ladabi ka ce masa kankare sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, kuma a kwanakin nan yana tsukewa. Ka ɗora tayil yanzu, ƙasa tana motsi, sama a sandare, watarana yana zaune zai ji tau kamar an harba bindiga, tayil ya tashi tsakiyar falo. Ni ya taɓa faruwa da ni, wani gida aka matsa min saboda biki ya ƙarato, na biye musu. Damina ɗaya, aka kira ni, kuma ba wanda ya tuna cewa shi ya ce a yi sauri. Sunana ne ya ɓaci.

Kafin lokacin ga abin yi. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma, musamman yanzu da iskar hunturu take busar da komai. Ka tambayi birkilan yadda aka yi cikon, an daddage jar ƙasar da kyau ko zuba ta kawai aka yi, an shimfiɗa leda ko ba a shimfiɗa ba. Idan cikon ya zauna daga baya, ko tayil ɗin Italiya ne sai ya tsage. Ka ɗauki guduma ka bi daɓen kana ƙwanƙwasawa, inda ya yi ƙarar ganga a fasa a sake. Ka kankare ragowar filasta da ta zubo, ka share ƙura tas.

Sai ka fitar da lebul da tiyon ruwa, ka yi alama a bango zagaye, ka ɗora katako miƙaƙƙe mai mita 2 a ƙasa. Idan ramin da ke ƙarƙashinsa ya wuce milimita 3, sai an daidaita da kwaɓi, siminti 1 yashi 4, yashi mai kaifi ba mai laka ba. Banɗaki kuma ka ba shi gangara wajen makwarara, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ka zuba ruwa ka gani da idonka kafin ka ɗora ko guda.

Af, na kusa mantawa. Jiƙa tayil a baho da na koya maka, na siramik ne. Fosilin kusan ba ya shan ruwa, ko rabin kashi 1 cikin 100 bai kai ba, shi ya sa siminti zalla ba ya kama bayansa sosai. Ka sa a sayo gam ɗin tayil na buhu, ka ja shi da cokali mai haƙora, ka shafa kaɗan a bayan tayil ɗin ma. Kar ka yi ɗigon gam biyar ɗin nan a bayan tayil na masu ha'inci. Ka bar milimita 2 ko 3 tsakani, ka bar ɗan fili a jikin bango, siketin, wato siririn tayil na gindin bango, zai rufe. Kuma a ƙara kwali 1 a kan kowane 10 saboda yanka da fashewa, a duba lambar jikin kwalayen ta zo ɗaya, kar launi ya bambanta.

Ka ɗauko min hoton daɓen da bakin ƙofar banɗakin ka turo nan. Idan Alhajin ya ƙi ji, ka haɗa ni da shi a waya bayan isha'i.