Amsa ga ƙanina mai shirin jarrabawar Turanci don zuwa Saudiyya

Ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce kana bitar jarrabawar Turanci ta IELTS, aka ba ka jadawali biyu, ɗaya na yawan wutar lantarkin da gine-ginen wata jami'a ke sha, ɗaya na shekarun mutanen da ke zuwa sauraren kiɗan gargajiyar Turawa. Kana tambaya me ya haɗa wannan da karatun injiniya, alhali ƙasar Larabawa za ka zo.

Da farko, ba kowace jami'a ke koyarwa da Larabci a nan ba. Jami'ar Musulunci ta Madina, da aka kafa a 1961, yawancin karatunta da Larabci ne, har tana da cibiyar koyar da shi ga baƙi. Amma Jami'ar Sarki Fahad ta man fetur da ma'adinai da ke nan Zahran, da Jami'ar Sarki Abdullah ta kimiyya da fasaha (KAUST) da ke garin Suwal, da aka buɗe a 2009, Turanci ne harshen aji. Makin da suke nema kuwa, duba shafinsu na bana, kar ka dogara da ƙila-wa-ƙala. Sakamakon IELTS shekara 2 yake aiki, don haka kar ka yi ta tun kafin lokaci.

Su kuma jadawalin nan na sashen rubutu, ba sanin kiɗa ake gwadawa ba, kuma babu wanda ya ce ka kunna ka saurara. Minti 20 ake so ka kashe a kai, ka rubuta aƙalla kalma 150, ka faɗi abin da ke kan takarda kawai. A ce jadawalin ya nuna masu shekara 55 zuwa sama sun fi yawa a zauren kiɗan, matasa kuma suna raguwa. Aikinka ka buɗe da wannan babban hoton, sannan ka kwatanta: wane rukuni ya hau, wane ya sauka, a wace shekara suka yi kunnen doki. Da zarar ka rubuta cewa matasa sun gudu ne saboda wayar hannu, ka fita daga tambayar, domin jadawalin bai faɗi dalili ba.

Na wutar lantarkin ma ya fi haɗari, saboda kana ganin ka san shi. Mu nan lokacin bazara zafi kan haura digiri 45, ga gumi daga teku, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa dare da rana. Za ka shiga ɗakin karatu da rigar sanyi a watan Yuli, ka fito gilashin idonka ya yi hazo nan take. Wanda ya saba da haka, yana ganin layi ya ɗaga zai ce sanyaya ɗaki ne. To idan jami'ar da ke cikin tambayar a Kanada take fa, inda ɗumama ɗaki ke cin wuta a watan Janairu? Karanta kan jadawalin, ka duba ma'aunin da ke gefe, ka tabbatar kaso cikin ɗari ne ko kilowat, kafin biro ya taɓa takarda.

Haka sashen karatu yake: rubutu 3, tambaya 40, minti 60. Akwai tambayoyin da za ka zaɓi gaskiya ne, ƙarya ne, ko ba a faɗa ba. Na ukun nan ne ke kayar da yaranmu masu ƙoƙari, saboda suna cike gurbi da abin da suka sani daga waje.

Ina matsa maka a kan wannan ne don aikin da ke jiranka ke nan. Malami zai miƙo maka sakamakon gwaji daga ɗakin bincike, ya ce rubuta abin da ka gani, ya ware maka wani shafin daban don abin da kake zato. Ɗaliban da suka zo daga Pakistan da Masar da Indonesiya duk a wannan ma'aunin ake auna su tare da kai.

Kullum bayan Asuba ka ɗauki jadawali ɗaya, ka saita agogo, ka rubuta. Turo min ta WhatsApp in duba maka in na taso daga aiki. Ka gaida Umma, ka ce mata dabinon yana hanya.