Amsa: Me ya sa ƙurar plasma ke birkicewa kafin a kunna lesa?

Malam, ka ce ƙwayoyin melamin ɗinka (ƙananan ƙwayoyin roba da ke shawagi a jere cikin plasma, wato iska mai cajin lantarki) suna watsewa tun kafin lesa ta fara tura su. Fara duba matsin iskar agon, wato iskar da ke cikin akwatin gwajin. Idan ya yi ƙasa sosai, gugar iskar ba za ta iya kwantar da girgizar da kwararar ayon (ƙwayoyin iska masu caji) ke haddasawa ba, sai jerin ƙwayoyin melamin ya narke, wato ya wargaje. Ƙara matsin kaɗan-kaɗan.

Amma na fi zargin ƙwayoyin da suka manne da juna. Sun fi nauyi, don haka suna shawagi ƙarƙashin shimfiɗar sauran ƙwayoyin suna dagula ta. Duba ta kyamarar gefe. In ka gan su, rage ƙarfin RF ɗin 13.56 MHz (wutar da ke samar da plasma) a hankali har su faɗa kan ilektirod na ƙasa (farantin ƙarfen da suke shawagi a samansa), sannan ka mayar da ƙarfin yadda yake.