Tambaya da Amsa: In dusar ƙanƙara ta tsare mu a kan dutsen Donner, mu kwana da inji a kunne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Sacramento ta jihar Kalifoniya, kuma wannan ne hunturuna na farko a ƙasar nan. Ƙarshen makon nan zan kai iyali garin Reno da ke jihar Nevada wajen sunan ɗan ƙanina, ni da uwargida da yara uku, ƙaramarsu ba ta rufa shekara biyu ba. Ga shi ana ta sanarwar guguwar dusar ƙanƙara a kan duwatsu. 'Yan zaurenmu na WhatsApp sun ce kada in damu, tunda motata tana ja da ƙafa huɗu ba ta buƙatar sarƙar da ake ɗaura wa taya don kada ta yi santsi a dusa, kuma ko hanya ta toshe sai in rufe gilasai ruf, in bar inji da hita a kunne, mu yi barcinmu har gari ya waye. Uwargida dai hankalinta bai kwanta ba, ni ma nawa ya fara tashi. Me ya kamata in yi?

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya raya abin da aka samu. Malam, uwargida ta fi 'yan zauren nan gaskiya. In har ranar tafiyar ta zo gargaɗin guguwa yana nan ba a janye ba, kada ka hau dutsen nan da yara. Ko ku wuce kwana ɗaya kafin ta sauka, ko ku bi jirgin ƙasa na Amtrak da ke ratsa duwatsun daga Sacramento zuwa Reno, ko ku yi barka ta waya ku je daga baya.

Titin I-80 daga gidanka zuwa Reno kilomita 210 ne ko kusa da haka, tafiyar awa biyu da ɗan wani abu in gari na lafiya. Amma ka lura, kana tashi ne daga kusan daidai da bakin teku, ka hau har mita 2,200 a ƙololuwar Donner. Duk hawan mita 1,000 sanyi yana ƙaruwa da wajen digiri 6 da rabi, wato ƙololuwar za ta iya fin ƙofar gidanka sanyi da digiri 14. Yayyafin da ya raka ka garin Auburn da ke gindin duwatsun, kafin ka isa Kingvale da ke kusa da ƙololuwar ya zama dusar ƙanƙara. A watan Disamba na 2021 kaɗai, tashar binciken Jami'ar Kalifoniya da ke kusa da ƙololuwar ta auna dusar da ta haura mita 5. A farkon Maris na 2024 an rufe hanyar kusan kwana uku, bayan motoci sun maƙale mutane sun kwana a cikinsu. In ka ga hukumar hasashen yanayi ta ce Blizzard Warning, tana nufin iska mai gudun kilomita 56 a awa ko fiye, ga dusa tana tashi har ba ka hango abin da ya wuce mita 400, kuma a shafe aƙalla awa uku a haka.

Batun ƙafa huɗu ba zan ja shi ba. Ƙafa huɗu tana taimaka wa mota ta tashi, ta kuma hau tudu. Wajen tsayawa ba ta fi kowace mota ba, don birki ƙafa huɗu yake kamawa a duk motar da ke kan titi. A kan ƙanƙara nisan tsayawa yana iya ninkawa har sau goma, kuma gangarar da ke sauka garin Truckee bayan ƙololuwar ba ta san tambarin motarka ba. Dokar ɗaura sarƙa ta Caltrans, hukumar sufuri ta Kalifoniya, mataki uku ce. A R1 ƙananan motoci masu tayoyin da aka yi don dusa suna wucewa ba tare da sun ɗaura sarƙa ba. A R2, wanda aka fi sawa, sai mai ƙafa huɗu da ke da irin tayoyin nan a duka ƙafafun, kuma shi ma wajibi ne sarƙar tana cikin but. A R3 kowa sai ya ɗaura, ko da yake galibi kafin a kai nan an rufe hanyar. Ka duƙa ka duba gefen tayarka ko akwai M+S ko hoton dutse mai kai uku da ɗigon dusa, sannan zurfin zanen tayar kada ya gaza milimita 5. Ka sayi sarƙa daidai da lambar tayarka tun a gari, ka gwada ɗaurawa a ƙofar gida da rana tsaka. Masu ɗaura wa mutane sarƙa a bakin hanya kuɗi suke karɓa, kuma ba a yarda su sayar maka da ita ba. Da sarƙa a ƙafa kada ka wuce mil 25 zuwa 30 a awa, wato kilomita 40 zuwa 48. Wani abin haushi, yawancin kamfanonin hayar mota suna hana ɗaura sarƙa a takardar yarjejeniyarsu, alhali doka ta ce sai da ita, kuma babu wanda ya damu ya daidaita maganar biyu. In motar haya ce ka karanta takardar kafin ka karɓi makulli.

Sai shawararsu ta biyu, wadda ita ce ke kashe mutane.

Ka san yadda ake wayar gari a gida a tarar da iyali guda sun mutu a kan shimfiɗa saboda an shigar da janareta cikin gida, ko an kwana da kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe don sanyi. Iskar nan ce dai, kabon monoksaid, kuma injin motarka yana fitar da ita ta salansa. A kan titi iska ce ke kwashe ta. Motar da ta tsaya cikin guguwa kuwa, a awa ɗaya ko biyu dusa ta taru ta kai bakin salansa, ta zagaye gindin motar ta rufe kowane gefe. Hayaƙin ba shi da mafita sai ya kwanta a ƙarƙashin mota, daga nan ya kutsa ciki: ta ramukan ƙasan mota, ta robar ƙofa da ta but, ta ƙofofin shan iska da ke gindin gilashin gaba inda fankar hita take zuƙowa. Hitar da kake jin daɗinta ita ce ke tura maka shi. Kuma da zarar inji ya fara sake shaƙar hayaƙin da ya fitar, man ba ya ƙonewa sosai, sai gubar ta ninka. A motar da salansarta ta toshe, mintuna kaɗan sun isa.

Masu cewa a rufe gilasai ruf don kada hayaƙi ya shigo, a ina suka taɓa ganin motar da iska ba ta shigarta? Rufe gilashin hana gubar fita yake yi. Maɓallin nan na juya iskar cikin mota ma ba kariya ba ne. Wani kuma zai ce ai motarsa sabuwa ce, tana da na'urar tace hayaƙi. Na'urar ba ta aiki yadda ya kamata sai ta ɗau zafi sosai kuma akwai wadatar iska, abu biyun da babu su a motar da dusa ta binne. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai cewa in ya ji wari zai kashe inji. Wane wari? Kabon monoksaid ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko hawaye. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya, sai ta mamaye gurbin oksijin, ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin aiki. Alamominta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, da jin barci. To mutumin da ya wuni a bakin sitiyari, ga tsayin dutse, ga dare ya yi, wanne daga ciki zai ɗauka a matsayin haɗari? Gajiya zai kira shi, ya gyara kwanciya. Mai barci kuma ba ya jin ko ɗaya, daga barcin yake zarcewa. Yara sun fi saurin numfashi, don haka su take fara kayarwa, kuma 'yar shekara biyu ba za ta ce maka kanta na ciwo ba. Rigima za ta yi, ta yi amai, sannan ta yi shiru, ku kuma ku ce alhamdu lillahi ta samu barci.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Janairu na 2022, a garin Murree da ke kan duwatsun Pakistan, dubban motocin masu zuwa kallon dusa suka maƙale dare guda, fiye da mutum 20 suka rasu a cikin motocinsu, har da yara, wasu sanyi ya kashe su, wasu hayaƙin nan. A Amurka kanta hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ce sama da mutum 400 wannan iska ke kashewa bisa kuskure duk shekara, ban da na gobara. Kuma akwai wani kuskuren da aka sha rasa yara ta hanyarsa: uba ya zaunar da uwa da yara a mota, ya tada inji don su ji ɗumi, shi kuma ya ɗauki shebur ya fara haƙa daga gaba. Kafin ya zagayo baya an gama. Salansa ake fara buɗewa kafin a taɓa makulli, ko da mota a ƙofar gida ta kwana.

In ƙaddara ta sa kun maƙale, ku zauna a motar, kada kowa ya fita neman taimako a ƙafa, don a cikin guguwa mutum yana ɓacewa taku kaɗan daga motarsa. Ka kira lambar gaggawa ta 911 ka faɗi inda kake. Ka fita da shebur ka share bakin salansa da bayan motar kamar mita guda, ka buɗe wa ƙarƙashinta hanya a gefe, ka kuma kwashe dusar da ke gindin gilashin gaba. Sannan ka tada inji minti 10 kacal a kowace awa, da gilashi ɗaya a sauke faɗin yatsu biyu a ɓangaren da iska ba ta bugowa. Kafin kowane tayarwa sai ka sake fita ka duba salansa, ko sau nawa ne. Sauke gilashi ba ya maye gurbin wannan dubawar. Kai da uwargida ku yi karɓa-karɓa, dole ɗaya yana farke, kuma inji ba ya aiki in babu mai ido biyu. Ƙaramar mota tana shan lita ɗaya ko ɗaya da rabi a awa in tana tsaye, don haka da wannan tsari lita 3 za ta kai ku asuba. In motarka irin mai haɗa fetur da batir ce, ka sani tana tada injinta da kanta ba tare da ta tambaye ka ba, sai ka kashe ta gaba ɗaya. Sauran minti 50 ɗin bargo ne zai riƙe ku: a taru a kujerar baya, a sa ƙaramar a jikin uwarta cikin riga, a rufe kai, a cire duk safar da ta jiƙe.

In mutum biyu suka ce kansu na ciwo a lokaci guda, ko yaro ya ƙi farkawa, a kashe inji nan take, a buɗe ƙofofi, a sake kiran 911. Kada a ɗura wa kowa madara ko manja kamar yadda ake yi a gida. Ba sa cire komai daga jini, sai dai su shaƙe wanda ya suma. Maganin oksijin ne tsantsa. Da iskar waje kawai, sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya fita, da oksijin kuwa wajen awa ɗaya ne da ɗan kai. Ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin zai nuna lafiya lau alhali ba haka ba ne, saboda ba ya bambance jinin da ya ɗauki guba. Ko mutum ya farfaɗo a kai shi asibiti.

Kayan tafiya ba su da yawa: shebur, bargo ga kowa, ruwan sha, dabino da biskit, abincin ƙaramar da kunzugunta na kwana biyu, tocila, safar hannu, cajar waya, da na'urar gano kabon monoksaid mai batir, wadda kuɗinta bai kai na cika tanki ba. Ka cika tanki a Auburn. Lagireto ya kasance da ruwan hana daskarewa, ba ruwan famfo ba. Ruwan wanke gilashi ma ka karanta jikin galan ɗin, don wanda ake sayarwa a kwari kamar Sacramento sau da yawa daskarewa yake yi a kan dutse.

Ka duba manhajar QuickMap ta Caltrans kafin ka fita, ka sake dubawa a Auburn. In ta nuna an rufe I-80, taswirar wayarka za ta ba ka wata hanyar ta cikin daji, ta ce ta fi sauri. Irin su Dog Valley da ke kusa da iyakar Nevada hanyoyin ƙasa ne da ba a share su da hunturu, sau da yawa babu sabis ɗin waya, kuma masu ceto sun sha ciro iyalai daga can. In an rufe babban titi ka juya gida, ko ka kama ɗaki a garin da ya fi kusa ka jira a buɗe.